Wa ke zaɓen wanda zai yi wa ƙasa waƙa? Fashin baƙi kan gasannin fidda gwani na Eurovision

Yaya aka yi ɗan Najeriya ya hau dandamali a birnin Liverpool a watan Mayun 2023 yana waƙa da sunan Yukren? Wa ya tura shi, gwamnati ce ko jama'ar ƙasar, ko kuwa wasu 'yan tsiraru ne suka kulle ƙofar ofis suka yanke? Wannan tambaya kan taso duk lokacin da guntayen bidiyon gasar Eurovision suka fara yawo a wayoyin mutane, kuma yawancin amsoshin da ake bayarwa kuskure ne. Wasu na ɗauka gasar Tarayyar Turai ce. Wasu na zaton kowace ƙasa babban mawaƙinta take ɗauka ta aika. Wasu kuma na yi mata kallon irin su Project Fame ko Nigerian Idol, inda wanda ya ci zai karɓi kyautarsa ya tafi gida.

Daren wasan ƙarshe da duniya ke kallo a watan Mayu ƙarshen zance ne. Ainihin kokawar ana yin ta ne tun daga Disamba zuwa Maris, a cikin gida, a shirye-shiryen talabijin da kowace ƙasa ke fitar da gwaninta. A nan ake ɓata zumunci, a nan 'yan majalisa kan tsoma baki, a nan kuma wani kan ci gasa tikitin ya suɓuce masa.

Tashoshi ne ke takara, ba gwamnatoci ba

Mai gasar ita ce ƙungiyar kafofin watsa labarai ta Turai, EBU, wadda aka kafa a 1950, mai hedikwata a Janiba. Ba ta da alaƙa da Tarayyar Turai. An fara gasar ranar 24 ga Mayun 1956 a garin Lugano na Siwizalan da ƙasashe 7, an kuma kwaikwayi tsarinta ne daga bikin waƙa na Sanremo da Italiya ta fara a 1951.

Mambobin ƙungiyar tashoshin rediyo da talabijin ne na al'umma, irin su BBC a Birtaniya, RAI a Italiya, SVT a Suwidin da RTVE a Sifaniya. Tashar ce ke biyan kuɗin shiga, ita ke sa hannu a takardu, ita ce kuma ke da wuƙa da nama a kan wanda za a tura. Wannan ya sa Isra'ila take ciki tun 1973, domin yankin da ƙungiyar ke ɗaukar mambobi ya zarce taswirar Turai ya haɗo da Arewacin Afirka da wani yanki na Gabas ta Tsakiya. Maroko ta taɓa shiga sau ɗaya tak, a 1980, da mawaƙiya Samira Said. Labanon ta yi niyya a 2005 ta fasa, saboda dokar ƙasarta ba ta yarda a nuna wasan Isra'ila ba. Ostireliya kuwa gayyata aka yi mata a 2015 ta zauna. Najeriya da Nijar suna wajen wannan yanki, don haka ba su da hurumin takara.

Sharuɗɗan da ƙungiyar ta gindaya ba su da yawa: kada waƙa ta wuce minti 3, kada mutanen da ke kan dandamali su haura 6, jagoran waƙar ya rera ta da bakinsa kai tsaye, kuma kada a ce an saki waƙar kasuwa kafin 1 ga Satumban shekarar da ta gabata. Babu inda aka ce dole mawaƙin ya zama ɗan ƙasar. Celine Dion 'yar Kanada ce, amma Siwizalan ta ci wa kofi a 1988. Yadda za a fitar da ɗan takara kuwa, an bar wa kowace tasha ta yi yadda ta ga dama.

Daliget, ƙato-bayan-ƙato da ɗauki-ɗora

Duk wanda ya taɓa bin zaɓen fidda gwani na jam'iyyun siyasa ba zai sha wahalar gane tsarin ba, don kusan hanyoyin ɗaya ne.

Akwai zaɓen cikin gida, wanda tashar ke nazarin mawaƙa a asirce, wata rana kawai a wayi gari ta sanar da suna da waƙa. Masu goyon bayansa na kiransa maslaha, waɗanda aka bari a baya su kira shi ɗauki-ɗora. Akwai kuma gasar waƙoƙi ta ƙasa, inda mawaƙan da suka riga suka shiga sana'ar ke zuwa kowa da sabuwar waƙarsa, a zaɓi mutum da waƙarsa a lokaci guda. Ta uku ita ce gasar neman masu baiwa, wadda ake tara matasan da ba a san su ba, su yi makonni suna rera tsofaffin waƙoƙin wasu, ana zubar da ɗaya bayan ɗaya, har a rage mutum guda. Sai bayan an same shi ake neman waƙar da za a ba shi.

Mutane na cakuɗa ta biyu da ta uku, alhali bambancinsu babba ne. A gasar waƙoƙi, abin da ake aunawa shi ne hajar da za a kai kasuwa. A gasar masu baiwa kuwa, mutumin ake so. Mai kallo ya ga kukansa, ya ga mahaifiyarsa a cikin 'yan kallo, ya ji labarin ƙauyensu, ya shaƙu da shi tsawon wata uku ko huɗu. Wannan shaƙuwa ita ce jarin shirin, kuma ita ce rauninsa, domin ba a iya sa ta a akwati a tsallaka iyaka da ita.

Sifaniya ta ɗanɗana wannan. A ƙarshen 2001 tashar gwamnati ta fara shirin Operación Triunfo, inda ta killace matasa 16 a wata makaranta ana koya musu waƙa ana ɗaukarsu da kyamara. Rosa López, wata budurwa mai kunya daga yankin Granada, ta sace zuciyar ƙasar har ana ce mata Rosa ta Sifaniya. Ranar gasar a birnin Tallinn a 2002, mutane fiye da miliyan 12 ne suka zauna gaban talabijin a Sifaniya, da yawansu sun riga sun ba ta kofin a zuci. Ta zo ta 7. Ba mummunan sakamako ba ne, amma ga waɗanda suka shirya biki, ya zama ta leƙo ta koma. Baturen Jamus ko na Girka bai san labarinta ba, bai ga hawayenta ba. Minti uku kawai ya gani.

Ba kullum tsarin ke ba da kunya ba. A 2010 tashar ARD ta Jamus ta haɗa kai da wata tasha mai zaman kanta, ProSieben, da mai gabatar da shirye-shirye Stefan Raab, suka yi irin wannan nema. Wata 'yar sakandare daga Hannover mai suna Lena ta fito, ta je Oslo ta ɗauko wa Jamus kofinta na farko tun 1982. Netta ta Isra'ila ma daga shirin neman masu baiwa ta fito kafin ta ci gasar 2018. Malta ta yi amfani da shirin X Factor, wanda a 2020 ya fitar da Destiny Chukunyere, 'yar wani ɗan ƙwallo ɗan asalin Najeriya. Annobar korona ta sa an soke gasar waccan shekarar, sai aka sake ba ta tikitin a 2021, ta zo ta 7.

Matsalar da ke ƙasan komai: gida ba ya zaɓen nasa

A nan ne kwatancen da zaɓen siyasa ya karye, kuma a nan gizo ke saƙa. A siyasa, wanda ya zaɓe ka a fidda gwani zai iya sake fitowa ranar babban zaɓe ya dangwala maka. A Eurovision doka ta hana ƙasa ba kanta maki. Wato duk miliyoyin da suka kwana suna tura saƙo don gwaninsu ya ci a gida, ranar babbar gasa ba su da ƙuri'a ko ɗaya da za su ba shi. Makomarsa na hannun baƙi waɗanda ba su jin yarensa.

To wa ya kamata a faranta wa? Idan manufar ita ce ƙasa ta nuna kanta yadda take, jama'a ne ya dace su zaɓa, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Idan kuwa kofi ake nema, ra'ayin 'yan gida shi ne mafi ƙarancin amfani. Kusan duk wata rigima da ke tasowa a waɗannan shirye-shirye, in ka bi diddiginta, wannan tambaya ce aka kasa amsawa tun farko.

Suwidin ce ta fi kowa fuskantar tambayar ba tare da kwana-kwana ba. Gasarta ta gida, Melodifestivalen, ta faro tun 1959, kuma daga 2002 aka mai da ita rangadi: kowace Asabar tsawon mako 6 ana sauka a wani gari, a rufe da babban wasa a filin ƙwallo da ke wajen Stockholm. Ana aiko da waƙoƙi fiye da 2,000 kowace shekara, a tace su zuwa 30. A ƙasa mai mutane miliyan 10 da ɗoriya, masu kallon daren ƙarshe kan kai miliyan 3. A 2010 wakiliyar Suwidin ta faɗi tun a zagayen kusa da na ƙarshe, abin da bai taɓa faruwa da ƙasar ba. Daga shekarar da ta biyo baya, alƙalan daren ƙarshe na Melodifestivalen duk 'yan ƙasashen waje ne, kuma rabin maki na hannunsu. Ma'ana, an gayyato baƙi su ɗanɗana miyar tun tana kan wuta. Bayan haka Suwidin ta ci a 2012 da 2015 da 2023, biyu daga ciki ta hannun Loreen, wadda iyayenta 'yan asalin Maroko ne. Yanzu tana da kofi 7, kunnen doki da Ayalan.

Sun kuma yi wa ƙuri'ar jama'a wata dabara. Tun 2019, masu zaɓe ta manhajar waya ana kasa su rukuni 7 bisa shekaru, daga yara 'yan shekara 3 zuwa 9 har zuwa tsofaffi 'yan 75 zuwa sama, kowane rukuni da nasa makin. Dalili shi ne kada matasan da yatsunsu ba sa gajiya su danne muryar kowa. Ni a ganina wannan ya fi yawancin gyare-gyaren da ake yi a harkar hikima, don ya gane cewa yawan ƙuri'u da yawan mutane ba abu ɗaya ba ne.

Masu suka na cewa tsarin Suwidin na fitar da waƙoƙi masu sulɓi, kamar daga injin guda suka fito, kusan kullum da Turanci. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai a 2025 jama'a sun yi tawaye: suka ture Måns Zelmerlöw, wanda ya ci musu kofin 2015, suka zaɓi wasu 'yan barkwanci uku daga Finlan masu waƙar wankan turiri da karin harshen ƙauyensu. Suka zo na 4 a Basel.

In jama'a suka ce wannan, alƙalai suka ce wancan

A Janairun 2022 RTVE ta ƙaddamar da sabuwar gasar fidda gwani a garin Benidorm. An raba makin kashi uku: rabi ga alƙalai, rubu'i ga masu kira da tura saƙo, rubu'i ga wani ayarin mutane da aka zaɓo don su wakilci al'ummar ƙasar. Cikin masu takara akwai Tanxugueiras, mata uku daga yankin Galicia masu waƙar gargajiya da yarensu suna kaɗa bandiri irin na kakanninsu. Akwai kuma Chanel, haifaffiyar Kyuba, 'yar rawa, da waƙar zamani.

Da tashar ta fitar da alƙaluma, sai aka ga matan Galicia sun kwashe kusan kashi 71 cikin 100 na ƙuri'un waya, Chanel kuwa ba ta kai kashi 4 ba. Amma ita ta ci, saboda alƙalai sun ɗaga ta sun danne su, kuma tsarin makin bai damu da tazarar ƙuri'u ba, matsayi kawai yake dubawa. Ƙasa ta ɗauki zafi. Jam'iyyun siyasa suka kai maganar majalisa suna neman bayani, ana ta kiran an yi maguɗi, aka yi wa Chanel ruwan zagi har ta rufe shafinta na Twitter. A watan Mayu ta je Turin ta zo ta 3 da maki 459, sakamakon da Sifaniya ta yi shekara da shekaru ba ta ga irinsa ba. Da ta dawo Madrid, taron tarbarta ya cika dandali.

Wa ke da gaskiya? Alƙalai za su ce sakamako ya wanke su. 'Yan Galicia za su ce ba wanda ya san abin da nasu za su yi da an bar su, kuma ba kofi suke nema ba, so suke a ji yarensu a gaban duniya sau ɗaya. Abin da na fi ganin laifinsa shi ne karɓar kuɗin saƙon mutane ba tare da an fahimtar da su tun farko cewa ko sau dubu nawa suka tura, rubu'in maki ne iyakar ƙarfinsu ba.

A Italiya abin ya fi haka yaji, don Sanremo ba a kafa ta don Eurovision ba, ta ma girme ta. Dare biyar ake yi a gidan wasa na Ariston ƙasar na tsaye cik, kuma Italiya ta yi daga 1998 zuwa 2010 ba ta zuwa Eurovision, bikin nata bai fasa ba. A 2019 Mahmood, haifaffen Milan wanda mahaifinsa ɗan Masar ne, ya zo na ƙarshe a ƙuri'ar waya cikin mutum uku da suka kai zagayen ƙarshe, amma 'yan jarida da alƙalai suka ba shi nasara a kan Ultimo, wanda ya sami kusan rabin ƙuri'un. Ministan cikin gida na lokacin, Matteo Salvini, wanda aka sani da tsaurin ra'ayi kan baƙin haure, ya fito ya ce shi da Ultimo zai zaɓa. Nan take magana ta tashi daga waƙa ta koma kan waye cikakken ɗan Italiya. Mahmood ya je Tel Aviv ya zo na 2. A 2024 aka maimaita: Geolier, mai waƙa da yaren Napoli, ya sami kashi 60 na ƙuri'ar waya, Angelina Mango mai kashi 16 ta ɗauki kofi. Mutanen kudu suka ce dama an saba raina su.

Ita kanta babbar gasar ba ta tsira ba. A 2023 Käärijä na Finlan ya sami maki 376 daga masu kallo, Loreen ta sami 243, amma makin alƙalai 340 ya ɗora ta a sama. Su ma alƙalan ba waliyyai ba ne: a 2022 EBU ta soke makin alƙalan ƙasashe 6 bayan ta ga alamun sun yi ba-ni-in-ba-ka a tsakaninsu.

Cin gasa daban, riƙe tikiti daban

Ranar 5 ga Maris 2015, a Hannover, aka sanar da cewa Andreas Kümmert ya lashe gasar fidda gwani ta Jamus da kusan kashi 79 na ƙuri'u. Mutum ne mai gemu da tabarau, sanye da rigar sanyi kamar wanda ya fito sayen burodi, amma da murya mai girgiza ɗaki. Mai gabatarwa ta miƙa masa makirufo tana jiran godiya. Sai ya ce shi ba ya cikin yanayin da zai iya karɓar wannan nauyi, ya bar wa ta biyu, Ann Sophie. Zauren ya ruɗe da ihun rashin yarda, ita kuwa tana tsaye ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta je Biyana ta dawo ba maki ko ɗaya.

Wannan shi ya ƙi da kansa. Haka Olly ya yi bayan ya ci Sanremo a 2025, ya zaɓi rangadin wasanninsa, aka tura na biyu. A Yukren kuwa tashar ce kan ja birki. A 2019 Maruv ta ci Vidbir, gasar fidda gwanin ƙasar, amma saboda wasannin da take yi a Rasha aka kawo mata yarjejeniya mai tsauraran sharuɗɗa, ta ƙi sa hannu. Aka nemi na biyu da na uku, su ma suka ƙi, Yukren ta janye daga gasar shekarar baki ɗaya. A Fabrairun 2022 Alina Pash ta ci, sai aka tono tafiyar da ta yi zuwa Kirimiya a 2015 da takardun da ta gabatar a kanta, ta janye. Aka ba Kalush Orchestra, waɗanda dama su suka ci ƙuri'ar jama'a. Kwanaki kaɗan bayan haka Rasha ta afka wa ƙasar, kuma a watan Mayu suka lashe Eurovision da maki 631, 439 daga ciki na masu kallo ne.

Ɗan Najeriyar da ya ci zaɓe a ƙarƙashin ƙasa

Mu koma ga tambayar farko. Sunansa Jimoh Augustus Kehinde, an fi saninsa da Jeffery Kenny. Karatu ya kai shi garin Ternopil da ke yammacin Yukren, kamar dubban ɗaliban Najeriya da suka bi wannan hanya kafin yaƙi. A can ya haɗu da Andrii Hutsuliak, dukansu suna karatun haɗa magunguna, suka kafa ƙungiyar Tvorchi: Andrii na haɗa kiɗa, Jeffery na rerawa.

Ranar 17 ga Disamban 2022 aka yi wasan ƙarshe na Vidbir. Lokacin Rasha na luguden wuta kan tashoshin lantarki, don haka aka sauke dandamalin da fitilu da kyamarori zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke dandalin Maidan a tsakiyar Kyiv, wurin da mutane ke fakewa in jiniya ta yi kuka. Jiragen na wucewa ana jin rugugin su, mawaƙa na waƙa. Jama'a suka kaɗa ƙuri'a ta Diia, manhajar gwamnati da suke ajiye katin shaidarsu a ciki, kuma ko alƙalan uku ma jama'a ne suka zaɓe su ta wannan manhaja. Tvorchi suka zo na biyu a wurin alƙalai, na ɗaya a wurin jama'a, suka ɗauki tikiti.

Don haka amsar ita ce, ba wani ofis ne ya ɗora shi ba. Mutanen da ke cikin yaƙi, a lokacin da kishin ƙasa ya kai maƙura, su suka danna sunan ƙungiyar da baƙo ke ja wa baki. A daren wasan ƙarshe a Liverpool, wadda ta karɓi baƙuncin gasar a madadin Yukren, makamai masu linzami sun faɗa Ternopil mintuna kaɗan kafin su hau dandamali. Lokacin da ake sanar da maki suka ɗaga takarda mai ɗauke da sunan garin. Sun zo na 6.

Wace hanya ce ta fi kawo kofi?

Babu wadda ta riƙe kambu. Holan ta yi shekara 8 a jere, daga 2005 zuwa 2012, tana faɗuwa a zagayen share fage. Da ta koma zaɓen cikin gida a 2013 ta tsallake, ta zo ta 2 a 2014, ta ci a 2019. Waɗanda suka ci a 2024 da 2025, Nemo na Siwizalan da JJ na Ostiriya, duk a ofis aka zaɓe su. Birtaniya kuwa ta gwada kowace: wanda jama'a suka zaɓa ya zo na ƙarshe a 2019, wanda ofis ya zaɓa ya tashi da sifili a 2021, ofis ɗin kuma ya kawo Sam Ryder ya zo na 2 a 2022. Barin komai a hannun jama'a ma na da nasa haɗarin. A 2008 Ayalan ta aika 'yar tsanar talotalo, Sifaniya ta aika ɗan barkwanci da jita ta roba, dukansu da ƙuri'ar mutanen da suka ga abin dariya ne.

Abin da ya fi bayyana shi ne, gasar fidda gwani tana aiki ne inda manyan mawaƙa ba sa jin kunyar shigarta. A Suwidin da Italiya, ko ka faɗi ka riga ka ci riba, don waƙarka ta shiga kowane gida. ABBA sun zo na uku a gida a 1973 kafin su dawo su ci duniya a 1974. Inda kuwa mawaƙi mai suna ke ganin faɗuwa a gaban talabijin zubar da mutunci ne, sai a bar fagen ga 'yan koyo, a nan kuma zaɓen ofis ya fi.

Aljihun mai kallo, da inda aka kwana

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, me ya sa tasha za ta ɗora wa kanta wannan ɗawainiya alhali za ta iya zaɓen mutum a zaman yini guda? Saboda shirin kansa shi ne ribar. Kuɗin tallan da RAI ta tara a dare biyar na Sanremo a 2024 ya haura Yuro miliyan 60. Kamfanonin waƙa na samun kasuwa, garin da aka sauka otal-otal ɗinsa na cika a tsakiyar hunturu. Ƙananan tashoshi kuwa nishi suke yi: a 2023 Bulgeriya da Montenegro da Masedoniya ta Arewa sun zauna a gida saboda tsadar shiga.

Mai kallo shi ke biya ta fuska biyu, da harajin da ke riƙe tashar da kuma kuɗin saƙo. Kuma muddin ƙuri'a sayenta ake yi, mutum guda na iya jefa da yawa, to wanda ya fi tsari da kuɗi shi zai fi amo. Wannan ne ya fashe a 2025. Yuval Raphael, wadda ta tsira daga harin 7 ga Oktoban 2023 ta kuma ci shirin neman masu baiwa na Isra'ila, ta zo ta ɗaya a ƙuri'ar masu kallo, ta biyu a jimilla, ana tsaka da yaƙin Gaza. Aka gano wata hukumar talla ta gwamnatin Isra'ila ta ɗauki nauyin tallace-tallace a intanet tana kiran a zaɓe ta. Tashoshi da dama suka nemi a binciki ƙuri'un. A watan Nuwamba EBU ta rage adadin ƙuri'un da ake iya jefawa ta hanyar biya guda daga 20 zuwa 10, ta dawo da alƙalai zagayen kusa da na ƙarshe, ta kuma ja kunne kan kamfen da gwamnatoci ke ɗaukar nauyi.

Mai kallo a Kano ko Maraɗi ma yana da ƙofa, in yana so. Tun 2023 aka buɗe wa sauran duniya zaɓe ta intanet da katin banki, a kan kusan Yuro ɗaya kowace ƙuri'a. Sai dai duk ƙuri'un ƙasashen da ba sa takara, daga Amurka har Afirka, ana haɗa su ne a ƙirga su a matsayin ƙasa ɗaya. Da yawa a cikinmu ma shigar da wasu mawaƙan ke yi kan dandamalin ta isa ta sa su canza tasha. Turkiyya ta fice tun 2013 tana ƙorafi kan tsarin maki da fifikon da ake ba manyan ƙasashe biyar masu zuba kuɗi, daga baya shugaban tasharta ya ƙara da batun tarbiyya.

Gyaran da EBU ta yi bai gamsar da kowa ba. A watan Disamban 2025, da aka tabbatar Isra'ila za ta shiga gasar 2026 a Biyana, tashoshin Sifaniya da Holan da Ayalan da Sulobeniya da Aislan suka ce ba da su ba. A lokacin Sifaniya na cikin manyan biyar ɗin nan da ba sa bin zagayen share fage, kuma daga 1961 zuwa 2025 ba ta taɓa fashi ba. Amma RTVE ta ce gasar Benidorm tana nan daram, za a tara mawaƙa, alƙalai su zauna, jama'a su tura saƙo, a fitar da gwani, ko da yake ba Biyana za shi ba.